Matsanancin Zafin Bazara: Ina Iyakar Gaskiyar Hasashen Yanayi?

A ƙasar Malumfashi da Funtuwa, da zarar sanyin hunturu ya janye jiki a ƙarshen watan Fabrairu, ba a daɗewa bazara ke kankama. Rijiyoyi su ja baya, ruwan madatsar Mairuwa ya ragu, masu lambun tumatir na Ɗanja su shiga tsere da rana, magidanta kuwa su fito da tabarmi tsakar gida domin ɗakin kwano ba ya kwantuwa. Wannan abu ne na kowace shekara, ba ya ba kowa mamaki. Amma a cikin bazarar akan sami waɗansu 'yan kwanaki, uku ko biyar ko mako guda, da zafin kan wuce misali, dare da rana, har kaji su riƙa mutuwa a akurki, furen tumatir ya zube, tsofaffi su galabaita. Irin waɗannan kwanaki ne masana ke kira matsanancin zafi, kuma suna da ma'auninsa: kwana uku a jere ko fiye, waɗanda zafinsu ya shiga cikin kashi 10 cikin 100 mafi tsanani da aka saba aunawa a wurin a daidai wannan lokaci na shekara.

Shekarar 2024 ta nuna wa Afirka ta Yamma abin da hakan ke nufi. Tun a tsakiyar Fabrairu Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, ta yi gargaɗi cewa zafi ya kai digiri 41 a ma'aunin santigiret a waɗansu sassan Arewa. A ƙarshen Maris da farkon Afrilu kuma, ana cikin azumin Ramadan, abin ya ƙara ta'azzara a faɗin yankin Sahel. Ranar 3 ga Afrilu an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a cikin kwanaki huɗu na farkon watan, da yawansu tsofaffi.

Ashe ke nan sanin zuwan irin wannan zafi kafin ya iso al'amari ne na ceton rai da dukiya. Sai dai jama'a da yawa ba su ɗauki hasashen yanayi da muhimmanci ba, kuma suna da hujjarsu. Sau nawa rediyo ya ce za a yi ruwa a kudancin Katsina, gari ya waye ko ɗigo ba a gani ba? Kuskuren da ake yi shi ne haɗa hasashen ruwa da na zafi a kwando ɗaya. Ba su da daraja ɗaya, kuma dalilin bambancin yana cikin yadda kowannensu ke samuwa.

Abin da ke Haddasa Zafin Bazara

Malumfashi tana kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka sau biyu a shekara rana ke tsayawa cak a kan tsakar kai da azahar: wajen 21 ga Afrilu, sai kuma wajen 22 ga Agusta. Ga abin tambaya ga ɗalibi. In ƙarfin ranar ɗaya ne a waɗannan ranaku biyu, me ya sa Afrilu ke ƙuna, Agusta kuwa har mayafi ake nema da asuba?

Kashin farko na amsar shi ne gajimare, wanda a watan Agusta yake tare wani ɓangare na hasken rana ya mayar da shi sama. Kashi na biyu, wanda ya fi ban sha'awa, yana cikin randa. Kowa ya san ruwan randar ƙasa ya fi na bokitin roba sanyi, domin randa tana tsatsafo, kuma ruwan da ya tsatso yana bushewa ya tafi da zafi. Zafin da ake bukata a mayar da kilo ɗaya na ruwa tururi ya ninka fiye da sau biyar zafin da zai ɗauki wannan ruwan daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. A watan Agusta ƙasar noma duka randa ce: gonakin masara da dawa da auduga sun jiƙe, ganye ya rufe ko'ina, yawancin ƙarfin rana yana ƙarewa ne wajen busar da ruwa. A watan Afrilu kuwa an yi wata biyar ko fiye ba ruwa, an kwashe karan gona, dabbobi sun cinye abin da ya saura. Babu ruwan da rana za ta busar, sai ta gasa ƙasa, ƙasa kuma ta gasa iskar da ke kanta.

Akwai kashi na uku, kuma shi ne ya fi shafar masu hasashe. Iska iri biyu ke mulkin yanayin ƙasar Hausa: busasshiya mai fitowa daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara, da kuma mai laima da ke tasowa daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma. Iyakar da ke tsakaninsu tana can kusa da gaɓar teku a watan Janairu, tana tafiya arewa sannu a hankali har ta wuce Agadas a tsakiyar damina. Wajen watan Afrilu take ratsa ƙasar Funtuwa da Malumfashi, kuma ba ratsawa ɗaya take yi ba: takan matso da dare, ta koma da rana, ta yi kwanaki tana kai da kawowa. In iskar kudu ta shigo da laima, amma laimar ba ta isa ta haɗa hadari ba, sai tururin ruwan ya zama kamar bargo, ya hana zafin da ƙasa ta tara da rana ficewa sama da dare. Wannan ne daren zuffa da kowa ya sani, wanda iska ke tsayawa cik, gumi ya ƙi bushewa. Binciken da aka yi a kan matsanancin zafin da ya auka wa Sahel a watan Afrilun 2010 ya nuna cewa wannan laima ce babbar musabbabin zafin daren.

Shi ya sa lambar digiri kaɗai ba ta faɗin dukan labari. Digiri 40 a busasshiyar iska mai laima kashi 10 cikin 100, jiki kan ji shi kamar 37, domin gumi na bushewa nan take. Digiri 38 da laima kashi 40 kuwa, jiki kan ji shi kamar 43.

Daga Awo zuwa Lissafi

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Manomin da ya ga shamuwa ta sauka, ko gawo ya fara kaɗe ganye, ya ce damina ta kusa, hasashe ya yi, kuma ba wanda zai ce ya yi duba ko ya yi da'awar sanin gaibu. Alama ya gani, ya auna ta da abin da ya saba gani. Aikin masanin yanayi ke nan, sai dai alamominsa lambobi ne.

Da farko sai an san halin da iskar duniya ke ciki a yanzu. Tashoshin ƙasa suna auna zafi da laima da nauyin iska da inda ta fuskanta. Ana sakin balan-balan ɗauke da na'urori, su hau sama kimanin kilomita 30 suna aiko da awo. Jiragen sama da na ruwa suna ba da nasu. Taurarin ɗan'adam na Meteosat, waɗanda aka harba na farkonsu a 1977, suna tsaye a nisan kilomita 36,000 a saman mashigin tekun Gini suna ɗaukar hoton Afirka ba dare ba rana. Daga nan sai a raba sararin samaniya gida-gida kamar dara, a ba na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, dokokin kimiyya na motsin iska da zafi, ta lissafa yadda kowane gida zai sauya bayan 'yan mintoci, ta sake lissafawa daga nan, har ta kai kwana goma ko sha biyar.

Wani Baturen Ingila mai suna Lewis Fry Richardson ne ya fara gwada wannan lissafi, da hannu, a lokacin yaƙin duniya na farko. Ya ɗauki makonni yana lissafin sauyin awa shida kacal, kuma amsar da ya samu ta yi hannun riga da abin da ya faru. Duk da haka ya buga aikin a 1922, har da kuskuren, ya kuma ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 masu lissafi kafin a iya riga yanayi gudu. Sai a 1950 aka yi nasarar gwajin farko da kwamfuta a Amurka. Tun daga nan ingancin hasashe ke ƙaruwa da kimanin kwana ɗaya a kowace shekara goma, wato hasashen kwana shida na yau ya kai ingancin na kwana biyar na shekara goma da suka wuce.

To, me ya hana a yi ta ƙara kwanaki har a kai wata uku? A 1961 wani masani Ba'amurke, Edward Lorenz, yana maimaita wani lissafin yanayi a kwamfuta, sai ya taƙaita wata lamba don saukin rubutu, ya sa 0.506 a maimakon 0.506127. Da farko sakamakon biyu suka tafi tare, can sai suka rabu, har ya zama ba su da kama ko kaɗan. Abin da ya gano shi ne, a cikin iska ƙaramin kuskure ba ya tsayawa ƙarami, ninkuwa yake yi. Tun da ba yadda za a auna kowane taku na sararin samaniya ba tare da kuskure ba, hasashen rana takamaimai yana da iyaka, kuma iyakar tana wajen mako biyu. Wannan ba gazawar ma'aikata ba ce, halin iskar ne.

Dabarar da aka ɓullo da ita tun 1992 ita ce a daina dogara ga lissafi ɗaya. Cibiyar hasashen yanayi ta ƙasashen Turai, wadda aka kafa a 1975 da hedikwata a garin Reading na Ingila, takan maimaita lissafinta sau 51, kowane da ɗan sauyi a lambobin farko. Alal misali, in 46 daga ciki sun nuna zafi zai haura digiri 41 a kudancin Katsina kwana uku a jere a mako mai zuwa, mai hasashe zai yi magana da ƙarfin gwiwa. In 20 ne kawai, sai ya ce akwai yiwuwa. Kalmar "akwai yiwuwa" da ake ji a rediyo, wadda waɗansu ke ɗauka kame-kame ce, tana da lissafi a bayanta.

Zafi Daban, Ruwa Daban

Matsanancin zafi babban abu ne mai tafiyar hawainiya. Yakan rufe ƙasa mai faɗin ɗaruruwan kilomita, daga Sakkwato har Kano, wani lokaci daga Mali har Chadi, kuma abubuwan da ke haifar da shi, wato bushewar ƙasa da tsayuwar rana da tafiyar manyan iskoki, duk abubuwa ne da tauraron ɗan'adam ke gani, kwamfuta kuma ke iya lissafawa. Wani bincike da masani ɗan ƙasar Burkina Faso, Kiswendsida Guigma, ya jagoranta, wanda aka buga a 2021, ya nuna cewa ana iya hango matsanancin zafin Sahel da inganci mai ma'ana a cikin mako biyu na farkon hasashe, kuma in kwanakin sun yi nisa, zafin dare ya fi na rana hanguwa.

Ruwan sama kuwa ba haka yake ba. Yawancin ruwan ƙasar Hausa yana zuwa ne daga hadarin da ke haɗuwa da yamma ko cikin dare, ya taso daga gabas da iska da ƙura, ya wuce cikin awa ɗaya ko biyu. Wurin da hadari zai fara haɗuwa ya dogara ga ƙananan abubuwa: wani tsauni, wata fadama mai laima, iskar da wani hadarin ya bari jiya. Ana iya sheƙa ruwa a Bakori har rafi ya kawo, Ƙafur kuwa ko ƙasa ba ta jiƙa ba. Masana na jami'ar Karlsruhe ta Jamus sun gwada hasashen ruwa na manyan cibiyoyin duniya a kan wannan yanki na Afirka, suka buga sakamakon a 2018. Abin da suka samu ba mai daɗin ji ba ne: ɗanyen hasashen kwamfuta na ruwan gobe a wuri takamaimai bai fi abin da mutum zai faɗa ba in ya duba tarihin ruwan wurin kawai. Saboda haka manomin da ke shakkar hasashen ruwan gobe yana da gaskiya. Inda ya kuskure shi ne in ya ɗora wannan shakka a kan gargaɗin zafi.

Akwai wurin da matsalolin biyu ke haɗuwa. Farkon matsanancin zafi ya fi ƙarshensa sauƙin hasashe, domin a ƙarshen bazara abin da ke karya zafin shi ne hadarin farko, ko da bai zubar da ruwa ba, iskarsa mai sanyi kaɗai ta isa. Ƙura ma takan rikita lissafi: in hazo ya taso daga Sahara ba zato, yakan rage zafin rana ya ƙara na dare.

Daga Ina Lambar Malumfashi ke Fitowa?

Mai wayar hannu da ya duba ya ga an rubuta "Malumfashi, 40" zai iya zaton wani ne ya auna a garin. Lambar daga lissafin kwamfuta ta fito, daga gidan darar da garin ya faɗa ciki, wanda faɗinsa a mafi kyawun lissafin duniya kimanin kilomita 9 ne. Manyan tsofaffin tashoshin awo da ke kewaye da garin suna da nisa: Zariya kimanin kilomita 70 a miƙe, Kano da Gusau sama da 100, Katsina kimanin 135. Kuma ba za a ɗauki awon wani gari a liƙa wa wani ba. Funtuwa tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 700 daga teku, Sakkwato kuwa wajen mita 300. Tun da kowane hawan mita 1,000 na rage zafi da kimanin digiri 6 da rabi, tudun kaɗai ya isa ya sa Funtuwa ta fi Sakkwato sauƙi da digiri biyu zuwa uku.

Ƙarancin tashoshi ciwo ne na nahiyar baki ɗaya. Hukumar Yanayi ta Duniya ta daɗe tana nuna cewa yawan tashoshin Afirka bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya kamata ba. Illar biyu ce: lissafi yana farawa da giɓi, sa'an nan babu awon da za a gwada shi da shi a gyara. Wannan ne ya sa tsofaffin littattafan awo, irin na ruwan Kano da ya faro tun 1905 da na Samaru da ya faro a shekarun 1920, suke da daraja irin ta kayan gado. Daga irinsu ne Kowal da Knabe suka tsara kundin taswirorin yanayin noma na jihohin Arewa da aka buga a 1972.

Wani abin da ke jawo wa masu hasashe zargi ba da laifinsu ba shi ne wurin awo. Zafin da ake sanarwa na iska ne a inuwa, a cikin farin akwati mai tagogi, a tsayin mita ɗaya da kwata zuwa biyu daga ƙasa. Telan da ke cikin shagon kwano a kasuwar Funtuwa, ko ɗan acaɓa a kan kwalta, yana cikin zafin da ya fi wannan nesa ba kusa ba. In an ce 41, ma'auninsa ya nuna 47, babu wanda ya yi ƙarya.

Hasashen Watanni

A farkon kowace shekara NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa, takan fitar da hasashen yanayin shekara, har da fassarar Hausa. Cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai su ma suna yin irinsa domin yankin. Mai karatu zai ce, ba yanzu aka ce iyaka mako biyu ce ba? Ai wannan wani irin hasashe ne daban. Ba ya cewa ranar 12 ga Afrilu za a yi zafi kaza. Cewa yake yi bazarar bana ta fi karkata ga wuce yadda aka saba. Madogararsa zafin ruwan teku ne, wanda ba ya sauyawa da sauri. In ruwan gabashin tekun Fasifik ya ɗumama, abin da ake kira El Nino, bazarar da ke biye takan yi tsanani a Sahel, kamar yadda aka gani a 1998 da 2010 da 2016 da 2024. Bugu da ƙari, ɗumamar duniya ta ɗaga matakin da ake farawa: masanan da suka nazarci zafin Mali da Burkina Faso na 2024 sun ƙiyasta cewa hayaƙin da ɗan'adam ke fitarwa ya ƙara masa kimanin digiri ɗaya da rabi. Irin wannan hasashe na shiri ne tun da wuri, kamar gyaran rijiyar burtsatse da tanadin magani a asibiti. Ba a tsayar da ranar biki da shi.

Yaushe ya Kamata a Yi Aiki da Gargaɗi?

Amsar ta dogara ga tsadar rigakafi da girman hasara. Mai kiwon kaji da ya ji cewa yiwuwar matsanancin zafi kashi 40 ce cikin 100, abin da zai kashe kaɗan ne: ƙarin ruwan sha, shimfiɗa kara a kan kwanon rufi, rage cunkoso, mayar da ciyarwa safe da yamma. In zafin bai zo ba, bai yi asarar komai ba. In ya zo bai shirya ba, zai iya kwashe gawar kaji da kwando. Haka shugaban makaranta da zai ɗage wasan motsa jiki daga azahar, ko iyalin da za su riƙa lura da tsoho da jariri da mai juna biyu. Wanda jikinsa ya yi zafi jau har ya fara ruɗewa ko sambatu, a jiƙa shi da ruwa a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Manomin da zai zuba irin masara mai tsada saboda an ce akwai yiwuwar ruwa kashi 40 kuwa, lissafinsa daban ne, domin in ruwan ya ɗauke, iri da taki sun tafi.

Gwajin da Makaranta za ta Iya Yi

Cewa "za a yi zafi a Afrilu" ba hasashe ba ne, yaro ma ya sani. Hasashe ba ya cin sunansa sai ya kayar da abokan gasa biyu marasa ilmi: wanda kullum ke cewa gobe kamar yau za ta kasance, da wanda kullum ke faɗin matsakaicin zafin watan. Ƙungiyar kimiyya ta kowace sakandare a Malumfashi ko Funtuwa za ta iya shirya wannan gasa da ma'aunin zafi guda ɗaya mai riƙe lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta, da farin akwatin katako mai tagogi da kafinta zai haɗa, a kafa shi a fili nesa da bango da kwano.

Daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Mayu, kowace safiya a sa'a ɗaya, ɗalibi ya rubuta awon jiya, ya kuma rubuta abin da aka yi hasashe na gobe, da na kwana uku, da na kwana bakwai. A ƙarshe a fitar da bambancin kowane hasashe da awon ranarsa, a ɗauki matsakaici, a kwatanta da na abokan gasar nan biyu. In aka ga hasashen yana wuce awon makarantar da digiri ɗaya kusan kullum, to an gano gyaran da garin ke bukata, sai a riƙa cire ɗayan. A buɗe shafi dabam domin ruwan sama, da "an yi" ko "ba a yi ba", a ajiye shi gefe da na zafi. Sharaɗin kawai shi ne kada a tsallake ranakun hutu, kuma kada a sauya wa akwatin wuri, domin awon da aka yi a ƙarƙashin darbejiya ba ya haɗuwa da wanda aka yi a tsakiyar filin ƙwallo.